Ɗuri Ɗaya, Harbi Ɗaya: Maharban Bauchi da Bindigarsu

Duk wanda ya tashi a birnin Bauchi ya ji labarin Baushe tun yana ƙarami. An ce wani maharbi ne da Malam Yakubu ya tarar a wannan sarari da duwatsu suka kewaye, a lokacin da yake neman inda zai kafa birninsa bayan ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Shi ne ya nuna masa wurin da ya dace kusa da dutsen Warinje, Yakubu kuma ya saka masa ta hanyar laƙaba wa garin sunansa. Masana tarihi suna da ja a kan wannan ruwaya, domin tun kafin a kafa birnin a wajejen 1809 Hausawa na kiran yankunan da ke kudu da su ƙasashen Bauchi. Ba shari'ar wannan saɓani ce ta kawo mu ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne birni sukutum ya yarda ya jingina asalinsa ga maharbi, amma idan aka buɗe littattafan tarihinsa sai a tarar da sarakuna da malamai da mayaƙa, maharbin kuwa ya shige daji tun a shafin farko bai sake fitowa ba. Manufarmu a nan ita ce mu bi sawunsa ta wata ƙaramar kafa, watau ɗurin bindiga: yadda yake samun albarushi da dalma, da wanda ya ƙayyade masa irin bindigar da zai riƙe, da abin da wannan ya haifar masa, shi da dajin da yake ci a cikinsa.

Ya kamata tun farko a bambance maharbi da ɗan farauta, don mutanen birni sukan gwama su. Farauta taron dangi ce ta rani, da karnuka da gora da barandami da kiɗa da kirari. Harbi kuwa sana'ar mutum ɗaya ce ko biyu, ta gado, mai sirri da haƙuri, inda mutum kan ɗaura burtu a goshi ya yi ta rarrafe har ya kusanci gwanki ko kanki. Idan Baushe ya rayu da gaske, to da kwari da baka ya yi aikinsa, da kibiya mai dafin kwankwani. Har yau ma sarautar maharba a wurare da yawa Sarkin Baka ce, ko da kuwa mai riƙe da ita bai taɓa ɗana kibiya ba.

Kalmomin sana'ar su ne shaidarmu ta farko. Bindiga da albarushi da harsashi duk aro ne daga Larabci. Bindiga ta fito daga bunduƙiyya, asalin bunduƙ kuwa ɗan ƙwallon itace ne, daga baya aka kira ɗan curin laka da ake harbawa da sunan. Albarushi daga al-barud yake, harsashi kuma daga rasas, wadda ma'anarta dalma. (Kada ɗalibi ya ruɗe da ɗaya harsashin, na gini, wanda tushensa daban ne, dacewar lafazi ce kawai ta haɗa mai tayar da gida da mai kwantar da giwa.) Wannan ya nuna cewa ta arewa da gabas Bahaushe ya fara jin labarin makamin. Limamin Barno Ahmad ibn Fartuwa ya ambaci 'yan bindiga Turkawa a rundunar Mai Idris Alooma a ƙarshen ƙarni na 16. Littafin Tarihin Kano kuma ya ce a zamanin Sarki Kumbari, 1731 zuwa 1743, aka kawo bindigogi daga Nufe, sa'annan Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga a fada. Ambaton Nufe yana da muhimmanci, domin yana nuni da hanyar kudu. Sunan ya zo ta hamada, amma mafi yawan bindigogin da suka shiga hannun mutane ta bakin teku suka hauro. Ƙirar Bamingam ta Ingila ce da Liyej ta Beljiyam, masu dogon baki, waɗanda ake ɗura wa albarushi ta gaba, ƙanƙara kuma ta ƙyasta musu wuta. Turawa sun danganta irin wannan bindiga ga fataken Denmak da suka yi ciniki a gaɓar ƙasar Gana ta yau, ko da yake ba su ne suka fi kawo ta ba. Mu kuma muka raɗa mata namu sunayen: bindigar toka, ko baushe, ko harba-ka-ruga.

Sunan nan na ƙarshe ya ƙunshi dukkan bayanin da muke son yi. Wanda ya taɓa zama kusa da tsohon maharbi yana ɗuri ya san aiki ne da ba ya son gaggawa. Zai kwance ƙahon albarushi ko ɗan gorarsa, ya auna a tafin hannu ko da yatsu gwargwadon naman da ya nufa, ya zuba, ya tura tsumma ko sosa ya danna da sanda, ya bi da dalma, ya sake toshewa, kana ya koma wajen kunama ya shirya mata abin kama wuta. Ɗurin gada daban, na ɓauna daban. Damina na lalata albarushi, raɓa ma kan hana shi tashi. In ya harba, hayaƙi ya turnuƙe masa ido, ƙara kuma ta kori duk abin da ke kusa. Idan bai kayar ba, kuma abin da ya harba ɓauna ce ko zaki, to babu lokacin ɗuri na biyu, sai ƙafa ko bishiya. Saboda haka duk ilimin maharbi ya tattaru ne kafin harbin: sanin iska, da sanin sawu, da sanin mashaya, da iya kusantar dabba har tazarar da ba za a kuskure ba. Masu iya magana da suka ce harbi a wutsiya ya fi kuskure ba da maharbin ɓauna suke ba.

A ƙarni na 19 bindiga ba ta yi yawa a ƙasar Bauchi ba, kamar yadda ba ta yi yawa a sauran masarautun daular Sakkwato ba. Joseph Smaldone, a littafinsa na 1977 kan yaƙi a daular, ya nuna cewa doki da mashi da baka su ne ƙashin bayan rundunoni, bindiga ba ta fara yin tasiri sosai ba sai a shekarun ƙarshe na ƙarnin, kuma sarakuna sun fi danƙa ta ga bayinsu amintattu. Yakubu ya rasu a 1845, ɗansa Ibrahim ya gaje shi ya kuma shafe shekaru yana fama da Ningawa, har ya tare a Rauta don ya tsare wannan kafa. A irin wannan hali albarushi kayan fada ne, ba abin da talaka zai ɓarnatar a kan barewa ba. Maharbin da ya mallaki bindiga yakan nufi babban nama, musamman giwa, saboda hauren da fatake ke saye. Don ita aka ƙirƙiro sango, wani gajeren mashi mai dafi da ake cusawa a bakin bindiga a maimakon dalma. A ganinmu babu abin da ya fi sango bayyana hikimar maharbin wancan zamani: ya karɓi baƙon makami, ya gane ƙarfinsa bai kai ya kashe giwa nan take ba, sai ya aura masa tsohon iliminsa na dafi.

Albarushin kansa ba duka ne na Turawa ba. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya shahara da sa maƙeransa su ƙera igwa su kuma haɗa albarushi a birnin Zinder. Gawayi da farar wuta da wani gishiri da ake tacewa daga ƙasa su ne kayan haɗin, kuma sirrin ya yaɗu a hannun maƙera da maharba. Ƙasar Bauchi ma ba baƙuwar narka ƙarfe ba ce. Tun kafin zuwan Turawa ana narka kuza a Liruwen Dalma, kuma har yanzu akwai kufan matoyar tama a cikin dajin Yankari. Inda dalma ta yi wuya, maharbi ya ɗura guntayen ƙarfe ko tsakuwa.

Malamai ma sun shigo cikin maganar. A fiƙihu ba a cin dabbar da aka kashe da curin laka, domin bugu ne ya kashe ta ba huda ba. Da harsashin dalma ya bayyana sai malaman Malikiyya na baya suka yi saɓani, har ra'ayin halasci ya rinjaya, kamar yadda ya zo a sharhin Dardiri kan Muhtasar, bisa hujjar cewa dalma na huda tana zubar da jini. Sharaɗi shi ne a yi bisimilla lokacin harbi, in kuma an iske dabbar da sauran rai a yanka ta. Shi ya sa wuƙa ba ta rabuwa da ɗamarar maharbi.

A daidai lokacin da ake wannan, a Turai bindiga ta riga ta canza kama. Daga shekarun 1860 aka haɗe albarushi da dalma da abin kama wuta cikin kwanson tagulla guda, ana saka shi ta gindin bindiga cikin ƙiftawar ido. A 1884 Bafaranshe Paul Vieille ya samar da albarushi marar hayaƙi, mai ƙarfin gaske. Da yake tagulla na da tsada kuma kwanso ba ya lalacewa da harbi ɗaya, sai aka sami wata sabuwar sana'a ta tsince kwanso a sake ɗura shi. Maharban ɓaunar Amurka na shekarun 1870 haka suke yi da dare a zangonsu, suna narka dalma suna cika kwanso, kuma cikin ƙasa da shekara ashirin suka mayar da garken miliyoyi ya koma 'yan ɗaruruwa. A Afirka ta Yamma maƙeran Samori Ture sun ƙware wajen sake ɗura kwanson bindigogin Faransa, har ma da kwaikwayon ƙirar bindigar. Rabe kuma da irin waɗannan bindigogi masu ɗuri ta gindi ya ci Barno a 1893. Ke nan babu wani abu a cikin fasahar da ya gagari hannun baƙar fata.

Abin da ya tare hanya doka ce. Ranar 2 ga Yuli 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a wata yarjejeniya a birnin Burasal, da sunan yaƙi da cinikin bayi, wadda ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani da harsashinsu a faɗin wani yanki da ya haɗa da ƙasar Hausa baki ɗaya. Abin da aka bari a sayar shi ne bindiga mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Ba a buƙatar dogon nazari a gane amfanin wannan ga masu shirin cin ƙasa. A watan Fabrairu na 1902 rundunar Kanar Morland ta shiga Bauchi ba tare da an gwabza ba, aka tuɓe Sarki Umaru. A watan Yuli na 1903 kuma, a Burmi, Sarkin Musulmi Attahiru da jama'arsa suka fuskanci bindiga mai ruwa da igwa, akasarinsu da kibiya da mashi da takobi.

Mulkin mallaka ya ci gaba da wannan rarrabewa. Joji da Di'o da Baturen haƙar kuza suna fita shan iska da bindigar zamani da lasin a aljihu, maharbin ƙauye kuwa aka bar shi da ta toka. Dokar kare namun daji ta 1916 ta zo ta jera dabbobin da ba a taɓawa sai da izini. Dokar makamai da ta fara aiki a 1959, wadda har yau ita ce ginshiƙi, ta kasa bindigogi gida uku: waɗanda aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa, da na kai irin su mai baki biyu da ke buƙatar lasin daga babban sufeton 'yan sanda, sa'annan masu ɗuri ta baki, waɗanda aka bar al'amarinsu a hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokar ta kuma hana ƙera bindiga ko harsashi ba tare da izini ba. A nan ne muke ganin wani abin mamaki. Doka ce ta daskarar da maharbinmu a kan makamin ƙarni na 18, ta haka kuma ta raya sana'ar ɗuri shekara ɗari bayan ta mutu a ƙasashen da suka ƙago ta. Amma ita dokar ce kuma ta mayar da maƙerin da ke yi masa bindigar mai laifi. Tun daga nan sana'ar ta koma bayan zaure. Ba a koyar da ita a fili, ba a gwada ingancin abin da aka ƙera, ba a kuma rubuta komai, wanda shi ne babban dalilin da ya sa mai bincike ke shan wuya a yau.

Duk da haka maƙera ba su zauna ba. Da aka daina shigo da bindigogin Bamingam sai suka koma ƙera baki da bututun famfo ko sandar sitiyarin tsohuwar mota, ƙanƙara ta ba da wuri ga kan ashana, ƙwallayen ƙarfe na keke da na mota suka maye gurbin dalma a wasu hannuwa. Daga baya aka fara ƙera mai karyewa wadda ke cin harsashin kanti guda ɗaya. To harsashin kanti na da tsada, sayensa kuma sai da takarda, don haka kwanson da mai lasin ya yar ya zama abin tsintuwa. Ta wannan ƙofa sake ɗurin kwanso ya iso hannun maharbanmu, ba tare da ma'auni ko littafin ƙa'ida irin wanda takwaransa na Amurka ke dubawa ba. Sakamakon ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya zauna cikin maharba. Mun sha gaisawa da dattijon da hannunsa na hagu ya rage yatsu uku, ko wanda fuskarsa ke da zanen baƙin albarushi da ba ya wankuwa. Mafi yawa dalili ɗaya ne: an yi ɗurin da ya fi ƙarfin bututun, ko an zazzage albarushin zamani an zuba a bindigar da ba don shi aka yi ta ba, baki ya tsage. Su kan ce an karya musu asiri ne. Mu dai ba mu da ta cewa a kan asiri, amma bututun famfo don ruwa aka yi shi.

Sai kuma dajin. A 1956 Gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe Yankari, kudu maso gabas da birnin Bauchi, a matsayin gandun namun daji mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, aka buɗe shi ga masu ziyara a watan Disamba na 1962. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, ya dawo hannun Jihar Bauchi a 2006. Ga maharban ƙauyukan da ke kewaye, dare ɗaya gonar gado ta zama haramtacciya, sana'ar da ake yi wa kirari ta koma sata. Ga dabbobin kuwa shingen bai hana komai ƙarewa ba: raƙumin dawa ya ɓace daga Yankari, dari ma haka, zakuna sun rage 'yan ƙalilan, giwayen da suka saura kuma suna cikin garken ƙarshe da Nijeriya ke taƙama da shi. An rasa rayukan ma'aikatan gandun daji a hannun masu harbin sata, ba sau ɗaya ba. Daga 2014 ƙungiyar WCS ta shigo aikin sintiri tare da gwamnatin jiha, kashe giwa don haure ya ragu ƙwarai.

Akwai masu cewa da an bar maharbin gargajiya da bindigarsa ta toka da daji bai ƙare ba. Maganar na da ƙamshin gaskiya, domin jinkirin ɗuri da tsadar albarushi linzami ne: mai harbi ɗaya ba ya share garke, ba ya kuma ɓata ɗurinsa a kan abin da bai kai ba. Amma bai kamata mu yaudari kanmu ba. Sango ya ci giwaye masu yawa tun kafin a haifi Yankari, kuma bindigar toka dubu ta fi ta zamani goma ɓarna. Abin da ya sauya lissafi shi ne haɗuwar abubuwa da yawa a lokaci guda: fitilar goshi da ke daskarar da dabba da dare, da babur da ke kai mutum tsakiyar daji ya dawo kafin asuba, da kasuwar naman daji a birane, da gonaki da shanu da suka cinye mashaya. Zomo, in ji Hausawa, ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, kuma maratayan nan har da mu da ke tsayawa a bakin titi muna taya banda.

A 'yan shekarun nan an sake tuno da maharbi, amma don wata bukata daban. A ƙarshen 2014 maharba na cikin waɗanda suka taimaka wa soja wajen ƙwato garuruwan arewacin Adamawa daga hannun Boko Haram, a ƙasar Bauchi ma ana gayyatar su shiga dazukan Lame da Burra da na Alkaleri neman masu satar mutane. Sanin daji ake saye a wurinsu, wanda shi ne ilimin da jinkirin ɗuri ya tilasta wa kakanninsu. Sai dai sau da yawa ana tura su ne da makamin da yarjejeniyar 1890 ta zaɓa musu, su tunkari wanda ke riƙe da bindiga mai cin harsashi talatin.

Harshe ma ya bi wannan juyi. A bakin iyayenmu 'yan bindiga su ne dakarun fada masu tafiya gaban sarki. Yau idan aka ji kalmar a rediyo gaban mutum faɗuwa yake yi, har sai mai magana ya ƙara da cewa na sarki yake nufi. Waɗannan na sarkin suna nan. Ranar hawan salla a ƙofar fadar Bauchi za ka gan su cikin jerin gwano, kowa da ƙahonsa a rataye, yana tafe yana aunawa a tafin hannu yana dannawa da sanda kamar yadda aka yi a zamanin Babba Zaki, sai dai tsumma kawai ke bin albarushin, babu dalma. Su ɗaga baki sama su saki, dawaki su zabura, yara su toshe kunne su kuma matso kusa, hayaƙi ya bi ta kan soron fada, su kuwa sun riga sun sunkuya suna kwance bakin ƙaho.